Kwamfutar Ofis da Wayar Aljihu: Ina Iyakar Bakin Ma'aikacin Gwamnati a Alƙahira?

Duk ɗan ƙasarmu da ya yi karatu a Azhar kafin shekarar 2019 ya san Mugamma. Wani ƙaton gini ne mai hawa 14 da ya tsaya ƙiƙam a kudancin Dandalin Tahrir, kuma a wancan lokacin can ake zuwa sabunta takardar zama, wato iƙama. Sammako ake yi. A hau bene, a bi layi, a miƙa fasfo ta wata 'yar taga, a koma wata tagar a sayi kan sarki, a dawo ta farko a jira. In an yi sa'a a buga maka hatimin nan mai hoton mikiya. In ba a yi ba, ka ji kalmar da kowane sabon ɗalibi ke haddacewa tun kafin darasin nahawu na farko: bukra, wato gobe. Misirawa da kansu sun mai da ginin abin barkwanci, har ɗan wasa Adil Imam ya yi fim a kansa a 1992.

Mu da ke tsaye a wannan gefen tagar ba kasafai muke tuna wanda ke zaune a wancan gefen ba. Sunansa a can muwazzaf. Tun zamanin Jamal Abdul Nasir, da gwamnati ta ɗauki alkawarin ba duk wanda ya gama jami'a aiki, kujerar muwazzaf ta zama burin iyaye. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma akwai fansho, kuma ba a kora da wasa. Suna da karin magana cewa in aikin gwamnati ya wuce ka, to ka yi birgima a ƙurarsa. Yau masu cin albashin gwamnatin Masar miliyoyi ne: malaman makaranta, likitoci, direbobin jirgin ƙasa, limaman Juma'a, alƙalai, masu karɓar haraji. Da wuya ka shiga zuri'a a Shubra ko Imbaba ka rasa ɗaya daga cikinsu. Saboda haka duk dokar da ta shafi abin da muwazzaf zai karanta ko zai faɗa, ta shiga kusan kowane gida ke nan.

A gaban wannan mutum akwai na'ura biyu. Ɗaya tana kan tebur, ta gwamnati ce. Ɗaya tana cikin aljihu, da kuɗinsa ya saya, da kuɗinsa yake zuba mata data. Rigimar duka a tsakanin waɗannan biyun take.

Ta kan tebur ba ta da wahalar hukunci. Mai kaya yana da iko da kayansa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wanda zai ce an tauye masa haƙƙi don an hana shi kallon ƙwallon Ahli da Zamalik a kwamfutar ma'aikata alhali mutane na tsaye a layi. Akwai kuma batun tsaro na gaske, domin shafi ɗaya da ma'aikaci ya buɗe bisa ganganci kan iya shigo da ɓarayin intanet cikin bayanan miliyoyin jama'a. Ƙasashen da ke bugun ƙirji da 'yancin magana ma suna yi. Amurka ta haramta TikTok a wayoyin gwamnatin tarayya a Disambar 2022, Hukumar Tarayyar Turai ta bi sahu a Fabrairun 2023. Inda ake fara ɗaga gira shi ne in toshewar ta bar duba irin shafi ta koma duba ra'ayin da ke cikinsa. A toshe duk shafukan labarai a lokacin aiki, wannan tsari ne. A bar jaridar da ke yabon minista a buɗe, a rufe wadda ke sukarsa, wannan kuma wani abu ne daban. A Disambar 2010 rundunar sojin saman Amurka ta toshe New York Times da Guardian da wasu shafuka fiye da 20 a kwamfutocinta don sun buga takardun WikiLeaks, sai ya zama hafsan da ke ofis ba zai iya karanta abin da matarsa ke karantawa a gida ba. An yi musu dariya sosai a lokacin.

To, a Alƙahira wannan muhawara ta kwamfutar ofis kusan ba ta da wurin zama, domin shingen ba a ƙofar ma'aikata aka kafa shi ba. A bakin ƙasar gaba ɗaya aka kafa.

Asalin abin yana komawa daren 28 ga Janairun 2011. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, manyan kamfanonin intanet na Masar suka ɗauke ɗif, da safe layukan wayar salula suka bi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Noor, wanda kasuwar hannun jari ke amfani da shi, ya ɗan jima kafin shi ma a rufe shi a ranar 31 ga wata. Ba a dawo da intanet ba sai 2 ga Fabrairu. Hujjar da aka dogara da ita tana cikin dokar sadarwa mai lamba 10 ta 2003, wadda sashe na 67 nata ya ba hukumomi damar karɓe ragamar sadarwa saboda tsaron ƙasa. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta asarar kwanakin nan biyar a kan dala miliyan 90. Dabarar kuwa ba ta ci ba. Iyayen da suka kasa samun 'ya'yansu a waya sai suka fito titi nemansu, taro ya ƙara cika, ranar 11 ga Fabrairu Husni Mubarak ya sauka. A watan Mayun shekarar wata kotu ta ci shi tara tare da firaministansa Ahmad Nazif da ministan cikin gida Habib al-Adli, jimillar fam miliyan 540, saboda yanke sadarwar. A 2018 babbar kotun gudanarwa ta soke tarar.

Darasin da masu mulki suka ɗauka daga nan shi ne ba a kashe fitilar gari duka. Ɗaki ɗaki ake bi. Ranar 24 ga Mayun 2017 mutane suka wayi gari shafuka 21 ba sa buɗuwa, ciki har da Aljazeera da Mada Masr, wata jaridar intanet mai zaman kanta da ke Alƙahira. Kafin shekara ta zagayo, ƙungiyar kare 'yancin tunani da faɗin albarkacin baki ta Masar, AFTE, ta ƙirga kusan shafuka 500 da aka toshe, har da na manhajojin VPN da ake bi a kewaye shingen. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne babu hukumar da ta fito ta ce ni na yi. Mada Masr ta kai ƙara tana neman a nuna mata takardar umarnin da wanda ya sa mata hannu, aka yi ta jan ƙafa. A ƙasar da ba a karɓar takardar haihuwa sai da hatimin mikiya, an rufe ɗaruruwan shafuka ba hatimi ba sa hannu. Masu binciken Citizen Lab na Jami'ar Toronto ne suka gano a 2018 cewa akwai na'urorin kamfanin Sandvine masu tace zirga-zirgar intanet a layukan Telecom Egypt, kuma a Fabrairun 2024 Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi na wasu watanni kan wannan ciniki.

Daga baya aka ɗinka wa aikin rigar doka. Dokar laifukan intanet mai lamba 175 ta 2018 ta ba masu bincike ikon toshe shafi in suna ganin barazana ne ga tsaron ƙasa ko tattalin arziki, sannan a kai wa kotu ta tabbatar. Ta wajabta wa kamfanoni su ajiye bayanan masu amfani da su na kwana 180. Sashe na 25 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko biyan tara ga wanda ya keta abin da ta kira ɗabi'un iyali na al'ummar Masar, ba tare da ta faɗi mene ne su ba. 'Yar'uwarta, doka mai lamba 180 ta wannan shekarar, ta ce duk mai shafin kansa da mabiyansa suka kai 5,000, Majalisar Ƙoli ta Kula da Kafafen Yaɗa Labarai na iya hukunta shi kamar gidan jarida. Mabiya 5,000 ba wani abu ba ne. Malamin lissafi da ɗalibai ke so, ko likitan yara da ke amsa tambayoyin iyaye mata, zai tara su cikin shekara.

Ka ga ke nan jami'in ma'aikatar lafiya da ke son karanta binciken wata jarida a kan ma'aikatarsa ba zai samu a ofis ba, ba zai samu a gida ba, ba zai samu a gidan shayi ba. Wannan ɓangaren karatu ne. Ɓangaren magana ya fi zafi, kuma nan ne ma'aikacin gwamnati ya bambanta da sauran jama'a, domin shi bulala biyu ke jiransa, ta kotu da ta ofis.

Hana ma'aikaci magana da 'yan jarida tsohon abu ne. Dokar ma'aikata mai lamba 47 ta 1978 ta hana shi yin bayani a kan aikinsa a jarida ko wata hanyar yaɗawa sai da rubutaccen izinin shugabansa. Doka mai lamba 81 ta 2016 ta maye gurbinta, ruhin bai canza ba. A 1978 wannan hani mutum nawa ya shafa? Ƙalilan, domin sai ka san ɗan jarida, sai edita ya yarda. Yau kowa edita ne a aljihunsa. Dokar da aka yi don babban darakta mai hira da Al-Ahram ta faɗo kan nas ɗin da ta rubuta layi biyu a Facebook da ƙarfe ɗayan dare cewa safar hannu ta ƙare a ɗakinsu. Akwai kuma hukuma ta musamman, Niyaba Idariyya, da aka kafa tun 1954, aikinta binciken laifukan ma'aikata da gurfanar da su a kotunan ladabtarwa na Majlisud Daula, wato ɓangaren shari'ar gudanarwa. Hujjar da ake kai mata a yau sau da yawa hoton allon waya ce, kuma mai ɗaukar hoton ba daga sama yake saukowa ba. Abokin tebur ne, wanda kuke raba fulu da ta'amiyya da safe, wanda kuke neman ƙarin girma ɗaya.

Babba a cikin waɗanda baki ya yanka wa wuya shi ne Hisham Janina, shugaban hukumar binciken kuɗin gwamnati. A ƙarshen 2015 ya faɗa wa wata jarida cewa cin hanci ya lashe fam biliyan 600. Aka yi ta gardama ko shekara ɗaya yake nufi ko shekaru da dama. Shugaba Abdul Fatah al-Sisi ya kafa kwamiti, kwamiti ya ce an zuzuta, a Maris 2016 aka tuɓe shi, daga baya kotu ta same shi da laifin yaɗa labarin ƙarya. Mutumin da aka ɗauka aiki don ya ƙirga ɓarna, ƙirgar ce ta ci shi. Watanni kaɗan bayan tuɓe shi aka sallami 'yarsa daga Niyaba Idariyya, inda take aiki, saboda wani abu da ta sa a Facebook da aka ce izgili ne ga tsohon ministan shari'a Ahmad al-Zind.

Ta Muna Prince daban ce, kuma na san da yawa daga masu karatunmu ba za su tausaya mata ba. Malamar adabin Turanci ce a Jami'ar Suwais, marubuciya. A 2017 ta sa bidiyonta tana rawa a saman gidanta a shafinta na Facebook. Jami'a ta dakatar da ita, ta haɗa da tuhumar cewa ta ɗaukaka Iblis a aji lokacin da take koyar da wata tsohuwar waƙar John Milton. Aka kore ta a 2018, babbar kotun gudanarwa ta tabbatar a Satumbar 2022. Ni ma ba zan so malamar 'yata ta yi haka ba, kuma kowace al'umma tana da abin da take tsammani daga mai koyarwa. Amma a lura da ƙa'idar da shari'ar ta kafa: abin da ma'aikaci ya yi a gidansa, a lokacinsa, da wayarsa, ofis na da hannu a ciki. Ƙofar da aka buɗe don rawa, ba rawa kaɗai ke shiga ta cikinta ba.

Shekarar korona ce ta nuna haka ƙarara. A farkon annobar kafafen gwamnati suka raɗa wa likitoci suna farar runduna, ana yi musu waƙoƙi. A watan Mayun 2020 wani matashin likita na asibitin Munira da ke tsakiyar Alƙahira ya rasu da cutar, abokan aikinsa suka ce bai samu gado a kan lokaci ba. Ƙungiyar likitoci, daga hedikwatarta ta Darul Hikma a titin Ƙasrul Aini, ta fitar da sanarwa mai zafi tana ɗora wa ma'aikatar lafiya alhaki, tana gargaɗin cewa tsarin lafiya na iya rushewa. A watan Yuni Firaminista Mustafa Madbuli ya ce rashin zuwan wasu likitoci aiki na cikin abin da ya ƙara yawan mace-mace. Wani likita, jigo a reshen ƙungiyar na Sharƙiyya, ya mayar masa da martani a Facebook yana neman ya ba da haƙuri. Kwana kaɗan aka zo gida aka tafi da shi. Kafin shi an kama wani likitan ido a watan Afrilu don ya soki aika kayan agaji zuwa Italiya da Sin alhali asibitocin gida na kuka. Amnesty ta ƙirga aƙalla ma'aikatan lafiya takwas, likitoci shida da masu haɗa magani biyu, da aka tsare tsakanin Maris da Yuni.

Tuhumar kusan kullum iri ɗaya ce, har lauyoyi sun haddace ta kamar karatun allo: yaɗa labarin ƙarya, amfani da kafafen sada zumunta ta hanyar da ba ta dace ba, shiga ƙungiyar ta'adda. Sai a kai mutum ofishin mai gabatar da ƙara na tsaron ƙasa a Tajammu'ul Khamis, a ba shi kwana 15 na tsarewa, in sun cika a sabunta, a sake sabuntawa. Ba lallai a kai ga shari'a ba. Watannin da aka yi a ciki su ne hukuncin, kuma sauran likitocin asibitin sun gani. Kafin tsakiyar 2021 ƙungiyar ta ƙirga mambobinta fiye da 500 da cutar ta kashe.

Nan ne nake ganin gwamnati ta cuci kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Minista a ofishinsa rahoto yake karantawa, rahoton kuwa ya bi ta hannu bakwai, kowane hannu ya ɗan goge masa ƙura. Wanda ya san iskar oksijin ta kusa ƙarewa shi ne wanda ke tsaye a gefen tukunyar. In ya faɗa wa shugabansa ba a yi komai ba, ya rubuta takarda ta kwanta a tire, me ya rage masa? In aka koya masa cewa faɗa a fili na nufin kwana 15 masu haihuwa, zai yi shiru, kuma labarin zai iso wa minista ne tare da gawa.

Shekarar da ta biyo baya aka ƙara ɗaure igiyar. Ranar 26 ga Maris 2021 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Suhaj, mutum kusan 20 suka mutu, bayan makonni uku wani ya kauce daga layi a Tukh, arewa da Alƙahira. Binciken mai gabatar da ƙara ya nuna sakaci da shaye-shaye a tsakanin wasu ma'aikata. Amma da ministan sufuri Kamil al-Wazir ya je majalisa, sai ya ce akwai 'yan Ikhwan da masu tsattsauran ra'ayi a hukumar jiragen, yana son doka ta ba shi damar raba su da aikin. Kafin ƙarshen bazara aka yi doka mai lamba 135 ta 2021, wadda ta gyara wata tsohuwa ta 1972 a kan kora ba ta hanyar ladabtarwa ba. Ma'anarta, ba sai an bi ta kotun ladabtarwa ba. Ya isa a ce akwai alamu masu ƙarfi cewa ma'aikaci ya taɓa tsaron ƙasa, ko sunansa na cikin jerin 'yan ta'adda, ko ya rasa amana da mutunci. Ana iya dakatar da shi har wata shida a kan rabin albashi kafin a yanke. Yana da damar ƙara a kotun gudanarwa, amma bayan ya riga ya bar kujera. Tun kafin dokar ma, a Oktobar 2019, ministan ilimi Tariƙ Shauƙi ya sanar da korar malamai 1,070 bisa zargin tsattsauran ra'ayi. Ta ina ake gane ra'ayin mutum a wannan zamani? Ba sai an tambaye shi ba. Shafinsa na shekara goma yana nan, da abin da ya rubuta a 2012 lokacin da Muhammad Mursi ke kan mulki kuma goyon bayansa ba laifi ba ne.

Alƙalai ma ba su tsira ba, domin a 2021 majalisarsu ta ƙoli ta hana su da masu gabatar da ƙara yin magana ko rubutu a kafafen yaɗa labarai da na sada zumunta. Wannan kam yana da fuska, ko'ina a duniya ana son alƙali ya kame bakinsa. Na limamai ya fi ba ni mamaki, wataƙila don a wurinmu liman ba ma'aikacin gwamnati ba ne. A Masar limamin masallacin Juma'a albashi yake karɓa daga ma'aikatar Auƙaf. Tun 2014, zamanin minista Muhammad Mukhtar Jumu'a, ma'aikatar ke zaɓen maudu'in huɗuba ɗaya ga ƙasa duka, ta sa a shafinta na intanet, liman ya sauke. A Yulin 2016 ta so ta wuce nan, ta ce a riƙa karanta rubutacciyar huɗuba kalma da kalma. Majalisar manyan malaman Azhar ƙarƙashin Shaihu Ahmad al-Tayyib ta ƙi, ta ce hakan zai daskarar da tunanin limamai, aka janye. Intanet ɗin da ke sauko da huɗuba daga sama zuwa ƙasa kullum a buɗe take, ba ta taɓa yankewa. Wadda za ta ɗauki kuka daga ƙasa zuwa sama ita ake gadi.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin tsoronsu ba na banza ba ne. A Yunin 2015 bam ya kashe babban mai gabatar da ƙara na ƙasa, Hisham Barakat, a kan titi a Alƙahira. A Nuwambar 2017 'yan bindiga suka kashe masallata fiye da 300 a masallacin Rauda da ke arewacin Sina'i ranar Juma'a. Gwamnatin da ta ga wannan, ta kuma ga abin da ya sami Libiya da Siriya, ba za a ce mata kada ta binciki wanda ke riƙe da makullin siginar jirgin ƙasa ba. Jita-jita ma gaskiya ce tana kisa, musamman lokacin annoba, kuma Sisi da kansa ya ce a 2018 an yaɗa jita-jita 21,000 cikin wata uku. Sannan akwai sirrin da ya wajaba ma'aikaci ya riƙe: fayil ɗin marar lafiya, takardar jarrabawa, bayanin harajin wani. Wanda ya watsa waɗannan ya ci amana, ko a wace ƙasa yake.

Inda hujjar ke rauni shi ne faɗin ragar. An saƙa ta don kifi mai dafi, amma idonta ƙanana ne, tana kwaso likita da mai binciken kuɗi. Kalmomi irin su tsaron ƙasa, amana da mutunci, ɗabi'un iyali, ba su da gefe, shugaban ofis na iya miƙa su yadda ya so. Kuma kundin tsarin mulkin Masar na 2014 da kansa ya faɗi akasin haka. Sashe na 65 ya lamunce 'yancin tunani da ra'ayi. Sashe na 57 ya kare sirrin saƙonni, ya hana yanke hanyoyin sadarwa bisa son rai. Sashe na 68 ya ce bayanai da alƙaluman hukuma mallakar jama'a ne, ya yi alkawarin dokar da za ta tsara samun su. An haura shekara goma dokar ba ta fito ba. Da akwai ta, da rabin abin da ake kira fallasa ya zama amsar takardar neman bayani kawai. A Satumbar 2019, bayan bidiyoyin ɗan kwangila Muhammad Ali sun jawo zanga-zanga, 'yan sanda suka riƙa tare mutane a tsakiyar Alƙahira suna cewa buɗe wayarka, suna duba Facebook da WhatsApp. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta gwamnati ma sai da ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki. Ba mamaki iyaye mata a can ke yi wa 'ya'yansu nasihar nan ta gargajiya, cewa ka bi gefen bango, bango kuma yana da kunne.

Wasu ƙasashen sun nemi wurin ja layi. A Amurka wani malamin sakandare a jihar Illinois, Marvin Pickering, ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar makarantu ke zuba kuɗi a wasanni, aka kore shi. Kotun ƙoli a 1968 ta ce in ma'aikaci ya yi magana a matsayin ɗan ƙasa kan abin da ya shafi jama'a, sai an auna haƙƙinsa da buƙatar ofis ta gudanar da aiki, kuma ta ba shi gaskiya. A 2006 kotun ta rage wannan kariya, ta ce maganar da aka yi a cikin aikin ofis ba ta ciki. Ma'aunin bai cika ba, amma aƙalla akwai ma'auni, kuma wanda ya kore ka dole ya zo gaban alƙali ya nuna ɓarnar da maganarka ta yi.

Mu ma kada mu yi dariyar mai gemun da ya kama wuta. Dokokin aikin gwamnati a Najeriya sun hana ma'aikaci magana da 'yan jarida ba izini, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram kusa da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A Kano, Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa Gwamna Abdullahi Ganduje kan yaɗa labarai, ya rasa kujerarsa a Fabrairun 2021 bayan ya soki gwamnatin Buhari a Twitter kan sace ɗalibai. Shi naɗin siyasa ne, ana iya cewa ya san sharaɗin, amma saƙon ya isa kunnen ƙananan ma'aikata. A Yunin shekarar aka rufe Twitter ɗin kanta har wata bakwai, kotun ECOWAS ta ce ba bisa doka ba. A Satumba aka yanke layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa hawa mota zuwa wani gari don su kira 'yan'uwa.

Mugamma dai an kwashe ma'aikatanta a 2021, an miƙa ginin ga masu zuba jari su mai da shi otal. Ma'aikatu sun koma sabon babban birnin da aka gina a hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, inda dubban ma'aikata ke zuwa kullum a bas ko jirgin lantarki daga tashar Adli Mansur. Alkawarin sabon wurin shi ne gwamnati marar takarda. Kowane ma'aikaci da sunansa da lambar sirrinsa, kowane fayil na'ura ta san wanda ya buɗe shi da ƙarfe nawa. Wannan zai wahalar da mai ɓatar da fayil don a ba shi na goro, kuma duk wanda ya taɓa jin bukra sau biyar zai yi murna. Rajistar nan ɗaya ce kuma za ta nuna wanda ya buɗe rahoton oksijin kwana ɗaya kafin ya bayyana a waje. Ɗalibanmu kuwa tun 2019 Abbasiyya suke zuwa neman iƙama, a ɗauki lamba a zauna a jira allo ya kira.